Buruj: in kwana can, ko in leƙa in dawo?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wurin aikinmu za su tura ni kwas na mako ɗaya a Burasel cikin watan Yuni, biza ma ta fito, alhamdu lillahi. Asabar da Lahadi ba ni da abin yi. Wani abokin aikina ya cika min waya da hotunan wani gari wai shi Bruges: gidajen jan bulo ƙafarsu tsundum cikin ruwa, ga gadoji, ga kwalekwale na ratsa tsakiyar gari. Shi kuma yayana da ya taɓa zuwa ya ce kada in ɓata kuɗina, garin hoto ne kawai, awa uku ka gama da shi, sauran duk shagunan cakulan ne da turereniya. Don Allah wa ya taɓa zuwa? In kama ɗaki in kwana, ko in tafi da safe in dawo da yamma? Sannan ya ake yi da abinci da salla?

Alhaji_Kwantena:
Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara goma sha huɗu ina zuwa Beljiyam sayen motoci. Daga unguwar Heyvaert a Burasel sai tashar jirgin ruwa ta Antwerp, sai filin jirgi. Ban taɓa sanin akwai abin kallo a ƙasar ba sai bara da 'yata ta tasa ni a gaba. Abin da zan ce maka, garin nan Beljiyam ne na gaske: tsoho ne tukuf, amma ba a taɓa buge shi ba, fentinsa na asali. Je ka gani da idonka.

'Yar_Gent:
Alhaji ya kashe ni da dariya. Ɗan_Fagge, ina karatu a Gent, tsakanina da garin bai kai minti talatin a jirgin ƙasa ba, duk baƙon da na yi can nake kai shi. Daga Burasel kusan awa ɗaya ne, jiragen kuma suna tashi a kai a kai. A allon tasha nemi Brugge, haka masu garin suke rubuta shi. Bruges, wato Buruj a baki, sunan Faransanci ne.

Shawarata ka kwana. Yayanka bai yi ƙarya ba, amma garin rana ya gani. Daga wajen ƙarfe goma na safe motocin safa suke fara juye mutane, ga na manyan jiragen yawon shaƙatawa da ke tsayawa a tashar ruwa ta Zeebrugge, duk su dunguma cikin tituna huɗu ko biyar. Zuwa biyar ko shida na yamma sai ka neme su ka rasa. Ka fito ƙarfe bakwai na safe ka tsaya a kwanar da ake kira Rozenhoedkaai, ruwan a kwance lumui, hasumiya da gidaje sun kife a cikinsa, ba ka jin komai sai ƙarar tayar keke a kan dutse da mai shara. Wannan garin mai zuwa ya koma a yini ɗaya ba ya ganinsa.

Bakatsine_77:
Ni dai ina bayan yayanka. Na je ranar wata Asabar a watan Agusta, wallahi ko Kantin Kwari ana jibi salla albarka. Na yi layin kwalekwale ya fi tafiyar kanta tsawo. Yunwa ta kama ni na zauna a wani gidan abinci a babban dandalin, aka kawo min kwalbar ruwan da ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, da na ga kuɗinta a takarda sai da na juya shi zuwa naira sau biyu don na zaci kuskure na yi. Gari ne da ba ka ganin mai gari, sai baƙo yana ɗaukar baƙo hoto.

'Yar_Gent:
Yaya Bakatsine, Asabar, Agusta, kuma abinci a kan Markt, babban dandalin? Ai kai ka kai kanka mahauta. Ratse layi biyu ko uku daga dandalin, farashi ya sauka.

Malamin_Tarihi:
Bari in ɗan sa baki kan maganar Alhaji ta "ba a taɓa buge shi ba", don akwai gaskiya a ciki, akwai kuma gyara.

Abin da ya yi Buruj ruwa ne, abin da ya kashe shi ma ruwa ne. A 1134 wata guguwar teku ta fasa gaɓa ta buɗe mashigin da ake kira Zwin, sai garin ya samu hanyar fita teku. Suna sayo ulu daga Ingila, masaƙan Flanders su saƙa, a sayar wa duk Turai. Jiragen fataken Genoa suka fara isowa a 1277, na Benis suka biyo baya, ga fataken Jamus na ƙungiyar Hansa da suka kafa zangonsu a garin. Akwai wani gidan fatoma na zuriyar Van der Beurze, a ƙofarsa dillalai da masu canji suke taruwa, kuma daga sunan gidan ne Faransanci da Jamusanci da wasu harsunan Turai suka samo kalmar da suke kiran kasuwar hannun jari da ita har yau. Wato tsarin fatoma da maigida da muka sani a harkar fatauci, shi ne dai.

To sai yashi da laka suka yi ta cike Zwin, manyan jirage suka kasa shigowa. Ga kuma rigimar siyasa: a 1488 mutanen garin suka tsare Maximilian na gidan sarautar Habsburg, shi kuma ya umarci fataken waje su tattara su koma Antwerp. Zuwa wajen 1500 kasuwa ta tashi. Garin ya yi ta barci, har a tsakiyar ƙarni na 19 yana cikin mafi talaucin biranen Beljiyam. Lokacin da sauran garuruwa ke rushe tsofaffin unguwanni suna kafa masana'antu, Buruj ba shi da kuɗin rushewa. Talauci ne ya adana shi. Yaƙin duniya biyu kuma suka wuce ba su yi masa wata mummunar ɓarna ba.

Gyaran shi ne: ba duk abin da ka gani ne mai shekara ɗari shida ba. Katafaren ginin gwamnatin lardi da ke kan Markt, wanda kowa ke ɗauka hoto, a 1887 aka fara shi bayan gobara ta cinye wanda yake wurin, an dai gina shi da salon da. Ƙaramar gadar Bonifacius da ake rububin tsayawa a kanta, wadda za ka rantse ta ga zamanin sarakunan Burgundy, ta 1910 ce. Don haka Alhaji, injin na asali ne, amma an taɓa bodin.

Alhaji_Kwantena:
Malam, in dai mai gyaran ya iya aikinsa har ni da idona ban gane ba, to na saya. A sana'armu ba gyara ne aibi ba, ɓoye shi ne.

Bakatsine_77:
Kun ji ko? Malam da bakinsa ya ce kwaskwarima ce. Abin da nake faɗa ke nan.

Malamin_Tarihi:
A'a Bakatsine, kada ka ɗora min abin da ban ce ba. Tsarin titunan da hanyoyin ruwan na da ne. Hasumiyar Belfort da ke kan Markt tun ƙarni na 13 aka fara ta. Zauren majalisar gari da ke dandalin Burg a 1376 aka sa harsashinsa. Asibitin Sint-Jan yana nan tun ƙarni na 12. Ba a banza UNESCO ta sa tsakiyar garin gaba ɗaya cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000 ba.

Ɗan_Damagaram:
Ni abin da zan ƙara na harshe ne, musamman ga 'yan uwana na Nijar. Na sauka da Faransancina ina taƙama, tunda ai Beljiyam ce. Na shiga wani shago na gaida matar da Faransanci, ta dube ni, ta amsa min da Ingilishi. Na sake yi, ta sake yi. Ingilishina kuwa bai wuce na sayen burodi ba. Daga baya wani ɗan uwa da ya daɗe a can ya fahimtar da ni: nan yankin Flanders ne, harshensu Holanci irin nasu, kuma tsakaninsu da Faransanci akwai tsohuwar tsama. Mutum biyun nan da aka yi wa mutum-mutumi a tsakiyar Markt, Jan Breydel mahauci da Pieter de Coninck masaƙi, ai don boren da aka yi wa Faransawa a 1302 ake tunawa da su. Ba wanda ya wulaƙanta ni, gaskiya, da suka ga na kasa sai suka juyo Faransancin. Amma kai Ɗan_Fagge da kake da Ingilishi, da shi za ka fara.

Uwar_Biyu:
Mu mun je da maigida da tagwayena suna da shekara ɗaya da rabi. Duk mai ƙaramin yaro ya saurare ni: kada ki yarda da keken jarirai mai ƙananan tayoyi. Titunan da ƙananan duwatsu aka daɓe su, keken na kakkarwa kamar injin markaɗe, Hassan na ihu Husaini na dariya. Kafin azahar taya ɗaya ta fita. Na ciro zani daga jaka na goya ɗaya, baban ya saɓa ɗaya a kafaɗa. Sai ga wasu tsofaffin Turawa sun tsaya suna tambayata yadda na ɗaure shi bai faɗo ba. Na zo kallon gari, na koma ni ce abin kallo.

Haka akwati mai taya, da takalmi mai tsini. A bar su a gida.

Kwalekwalen kuwa ku shiga, ko da layi. Wajen minti talatin ne, a buɗe yake ba rumfa, akwai gadojin da sai kowa ya sunkuyar da kai, ɗankwalina saura ƙiris ya zauna a can. Daga cikin ruwa ne kake ganin bayan gidajen, tagogi dab da ruwa, da ƙananan matakalan da a da ake sauke kaya ta wurinsu. Ga wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, sun ninka agwagwa, ko a jikinsu da jirgi.

Hajiya_Mai_Leshi:
Uwar_Biyu, an ce min garin leshi ne. Da gaske? Ana samun na ɗinki, yadi biyar-biyar? In akwai in ba Ɗan_Fagge saƙo.

Uwar_Biyu:
Hajiya, ni ma da wannan zumuɗin na je. Ba irin namu ba ne sam. Nasu saƙar hannu ce, mace ta ɗora matashi a cinya, ta kakkafa allurai, tana wurga wasu 'yan sanduna masu zare, gaba ɗaya yini ta saƙa abin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Abin ado ne na wuyan riga ko na kan tebur. Na hannu na gaske yana da tsadar tsiya, mai arahan da ke cike shagunan kuma na inji ne. Leshin bikinmu ai daga Ostiriya da Suwizalan asalinsa yake, ba daga nan ba.

Malamin_Tarihi:
Kuma wannan saƙar, Hajiya, abincin talakawan garin ce a zamanin da na ambata. Mata da 'yan mata da yawa da ita suka riƙe gidajensu a ƙarni na 19. Yanzu ta zama abin nunawa a gidan tarihi.

Abu_Maryam:
Ba wanda ya amsa wa bawan Allah tambayarsa ta abinci da salla, kun tafi leshi.

Abinci: ka kiyayi dafaffen naman nan nasu mai romo baƙi-baƙi da suke kira stoofvlees, da giya ake dafa shi, ko da an ce maka naman sa ne. Abincin teku mai ɓawo da suke kawowa a baƙar tukunya, sau da yawa da farar giyar inabi ake turara shi, sai ka tambaya. Soyayyen dankalinsu da ake ta yabo, a al'ada da kitsen shanu ake soya shi, wasu kuma sun koma man gyaɗa da makamantansa, nan ma tambaya za ka yi. Cakulan mai cike a ciki, wasu da barasa ake cika su, masu shagon sun saba da tambayar, za su ware maka. Ƙasar giya ce, ka sani. A garin nan har bututun giya na kilomita uku da ɗoriya aka binne a ƙarƙashin tituna a 2016, daga wata tsohuwar masana'anta zuwa inda ake ɗurawa a kwalba, don manyan motoci su daina farfasa musu duwatsu. Ni kifi da ƙwai da burodi na riƙe, sai shagunan Turkawa masu nama halal.

Salla: kai matafiyi ne, ka yi ƙasaru, ka haɗa azahar da la'asar in ka ga dama. Abin da zai ba ka mamaki a Yuni shi ne rana. Sai wajen ƙarfe goma na dare take faɗuwa, biyar da rabi ta fito, kuma a tsakiyar watan shafaƙi ba ya gushewa sarai. Ka nemi jadawalin wani masallaci na Burasel ka bi, kada ka dogara da abin da wayarka ta lissafa kawai. Wannan ma wani dalili ne na kama ɗaki: ka samu wurin alwala da shimfiɗa darduma a natse.

Ɗan_Fagge:
Allah ya saka da alheri Malam Abu_Maryam. To coci-cocin fa? An ce rabin abin kallon a cikinsu yake.

Abu_Maryam:
Ni ban shiga ba, na tsaya daga waje. Hasumiyar cocin da suke kira Onze-Lieve-Vrouw ta haura mita 115, duk da bulo, daga ko'ina kana hango ta. Wannan ya ishe ni.

'Yar_Gent:
Ni na shiga, da hijabina, ba a lokacin ibadarsu ba, ba wanda ya ko kalle ni. A ciki akwai sassaƙen farin dutse na Michelangelo, shahararren masassaƙin Italiya, wanda aka fito da shi daga Italiya tun mai shi yana da rai. Sau biyu ana sace shi: sojojin Faransa a 1794, sai 'yan Nazi a 1944, aka gano shi a ramin haƙar gishiri a Ostiriya. Kowa dai da fahimtarsa, ba zan yi jayayya da Malam ba. Wanda ba ya son shiga, akwai Begijnhof, wata unguwa mai katanga da aka kafa a 1245 don matan da suka keɓe kansu ga ibada ba tare da sun yi alwashin zama sistoci ba. Fararen gidaje sun kewaye fili mai dogayen itatuwa, an kafa alluna ana roƙon a yi shiru, kuma abin mamaki mutane suna yi.

Ɗan_Ranchers:
Duk kun manta da babban abu. Mu 'yan Kaduna tun muna yara muka san sunan garin nan, ba don gada ko leshi ba. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ya tafi Club Brugge a 1990, kuma shi ya ci ƙwallon farko a zagayen rukuni na sabuwar gasar Zakarun Turai a 1992, a ragar CSKA Moscow. Emmanuel Dennis ma yana Club Brugge ya zura wa Real Madrid biyu a gidansu a 2019. Filin wasansu sunan mahaucin nan na Ɗan_Damagaram gare shi, Jan Breydel. Sai dai kash, Yuni an tafi hutu.

Maigoro:
Ni karanta bayanin Malam ya tayar min da wani miki. Su ƙofofin garinsu huɗu na nan tsaye, har da wadda ake kira Ƙofar Jaki. Mu kuwa muna kallo aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, badala kuma ana ta yanka ta ana gini. In talauci ne ke adana gari, ai da mun fi kowa.

Ɗan_Damagaram:
Maigoro, ginin ƙasa ba ɗaya yake da ƙonannen bulo ba. Bulo in ka ƙyale shi shekara ɗari zai jira ka. Ƙasa in ba a yi mata yaɓe ba, damina uku ta isa. Agadas da ta shiga jerin UNESCO a 2013, hasumiyar masallacinta tana tsaye ne don ba a daina shafe ta ba.

Malamin_Tarihi:
Gaskiyar Ɗan_Damagaram. Kuma na ce talauci ya hana su rushewa, ban ce shi ya gyara ba. Da suka farga cewa tsufan nan shi ne jarinsu, doka suka sa mai tsanani kan abin da mai gida zai iya taɓawa a fuskar gidansa.

Bakatsine_77:
Jarin da ya kori masu gida. Mutanen da ke zaune a cikin tsohon garin ba su wuce dubu ashirin ba, baƙi kuwa wajen miliyan takwas a shekara. Magajin garin da kansa, Dirk De fauw, a 2019 ya ce a rage jiragen yawon da ke tsayawa a Zeebrugge lokaci ɗaya daga biyar zuwa biyu. Har kuka hukumar garin ta yi cewa baƙi na ƙwaƙule duwatsun titi suna tafiya da su tsaraba. In Ɗan_Fagge gari mai rai yake so, mai ruwa da gada da tsohon gini amma mutane na harkarsu, ya sauka a Gent. 'Yar_Gent, ki faɗi tsakaninki da Allah.

'Yar_Gent:
Tsakanina da Allah, Gent ya fi daɗin zama, Buruj ya fi kyan gani. Kuma layin jirgi ɗaya ne, daga Burasel sai ka ratsa Gent kafin ka isa can. Amma Yaya, ko a Buruj ɗin, da ka miƙe gabas zuwa unguwar Sint-Anna har bakin ganuwa inda injinan niƙa masu fukafukai suke, da ka ga tsofaffi na shan hantsi a ƙofar gida da yara na dawowa daga makaranta a keke. Tafiyar minti goma sha biyar ce daga inda aka tsuga maka kuɗin ruwa.

Alhaji_Kwantena:
Ɗan_Fagge, abu ɗaya na manta. Hasumiyar nan ta dandali, matakala 366 ce, tsawonta mita 83, ba na'urar hawa. 'Yata ta ce Baba ka zauna a ƙasa, na ce ni da na hau Dutsen Dala ina saurayi. Farkon da faɗi, ana hutawa a wani ɗaki mai ƙofofin ƙarfe inda suke ajiye takardun gari a da. Can sama sai ta tsuke, tana murɗawa, igiya ce kawai abin riƙo, in wani na saukowa sai ka manne da bango kamar ƙadangare. Ni kuma da babbar riga. Ina isa ƙoli ina haki sai ƙararrawa ta saki, guda 47 ne a wurin, na ji ta har cikin haƙorana. Amma da na leƙa na ga jan rufin gidaje shimfiɗe, ruwa ya zagaye garin kamar an ɗaura masa ɗamara, na yafe wa gwiwoyina. Kwana biyu ina salla a zaune.

Uwar_Biyu:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Maigidana a ta ɗari da wani abu ya juyo, ya ce wai yaran yake tausayi.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a. Na duba ɗakunan daren Asabar, kuɗin ya ɗan girgiza ni, na Lahadi ya fi sauƙi amma Litinin da safe jirgina zai tashi. Ina tunanin in yini a Gent ranar Asabar, in shiga Buruj da yamma bayan taron ya watse, in kwana, in yi sammakon da 'Yar_Gent ta ce. Na tura wa yayana duk abin da kuka rubuta, ya ce shi dai Bakatsine ne kaɗai mai gaskiya a cikinku.

Bakatsine_77:
A gaida min Yaya. Ka tafi da ruwanka a jaka.

'Yar_Gent:
Da rigar ruwa. Yuni ne, amma sararin Beljiyam ba ya alƙawari.

Hajiya_Mai_Leshi:
To tunda leshin ya faskara, Ɗan_Fagge, cakulan ɗin da ba barasa, kwali biyu. Zai kai Kano bai narke ba kuwa?